Kwanan Nan Irin na Kawu Horia

Corbanu, 12 ga Maris, 1997

Zuwa ga Kawu Horia,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kuma tarin nan da ka zo da shi a Kirsimeti ya sake ka. Mu nan lafiya lau. Kaka tana fama da gwiwa kamar kullum, amma ba ta fasa hawa lambu duba itatuwan tuffa ba. Mama ta zo daga Buzau ran Asabar ta kawo mata magani, ta ƙi sha, wai an shiga azumi. Ni kuma ina nan ina taimaka wa malamar 'yan aji biyu.

Kawu, ba gaisuwa kaɗai ta sa na ɗauki alƙalami ba. Tun da dusar ƙanƙara ta narke, ƙasa ta dare a bayan ɗakin saniyarmu Dumana. Tsagar ta taso daga gindin itatuwan da marigayi mahaifinka ya dasa, ta ratsa lambu, ta hau bangon ɗakin. Hannuna yana shiga cikinta. Ƙofar ma ba ta rufuwa sai an ɗaga ta. Maƙwabcinmu Baba Gherasim ya zo ya zura sandarsa a ciki, ya zaro ya shinshina, ya ce, “Tudun nan ya gaji da zama.” Kaka ta ce, “Kai ne ka gaji da zama a gidanka, ka zo kana shinshina min ƙasa.”

Magajin gari Pandele ya rubuta wa gunduma, an ce za a miƙa maganar ga cibiyarku ta binciken ƙasa. Ita kuwa Mama ba ta son jira. So take ta ɗauke Kaka ta kai ta gidanta da ke hawa na takwas na wani dogon bene. Kaka ta ce, “Hawa na takwas? Ni tattabara ce?” Ta ce tun tana amarya take gidan nan, kuma ba mai fitar da ita sai in da gaske tudun zai rufto. Sannan ta juyo gare ni ta ce, “Rubuta wa kawunki. Shekara talatin yana ƙwanƙwasa duwatsu da guduma, yau ga ranar amfaninsa.”

To ga shi na rubuto. Ka gaya mana gaskiya, Kawu: tudun zai zaftare mana ne? In kai ka ce a zauna, Mama za ta yi shiru. In ka ce a tashi, Kaka za ta tashi, ko da yake ban san me zai rage mata ba.

'Yarka,
Smaranda

*

Bukarest, 20 ga Maris, 1997

'Yata Smaranda,

Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau biyu, na farko da fargaba, na biyu da jin daɗi. Tari ya tafi, na gode. Ki gaishe min da Inna, ki ce mata magani ba ya karya azumi, in ba ta yarda ba ta tambayi limamin coci. Ki gaida mamarki idan ta zo.

Bari in fara da jin daɗin. Kin gaya min inda tsagar ta taso, da inda ta bi, da faɗinta, da abin da ta yi wa ƙofa. Ina da ɗalibai da suka gama jami'a waɗanda ba za su iya wannan bayani ba. Idonki yana da kyau, kada ki yi wasa da shi.

Yanzu ga abin da ba za ki so ji ba. Ba zan iya ce muku ku zauna ko ku tashi ba. Daga kan teburina a Bukarest ban ga komai ba, kuma abu na farko da ake koya wa duk wanda ya shigo cibiyar nan shi ne kada bakinsa ya riga awonsa. Tsaga irin wannan tana iya zama fatar ƙasa ce kawai ta jiƙe ta sulluɓe, tana kuma iya zama alamar wani abu mai zurfi. Daga sama kamarsu ɗaya. Sai an haƙa an auna ake rarrabe su.

Kuma ba ni zan zo ba. A wurinmu ba a tura mutum ya yanke hukunci a kan ƙasar ubansa. In na ce lafiya lau, za a ce don gidan uwata ne. In na ce akwai haɗari, ni kaina ba zan san ko tsoro ne ya yi magana ba. Malama Otilia za a turo muku. Mun daɗe muna aiki tare, ba ta da surutu, amma ban san wanda ya fi ta fahimtar gangaren tudu ba. Idan ta gama, za ta faɗi sakamakon a gaban kowa lokaci guda, magajin gari da mai kiwon tumaki duk su ji tare. Don haka aka kafa cibiyar, Smaranda. Ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafar mutane tasu ce, saninta ma nasu ne. Mu an ɗauke mu ne mu duba musu, mu zana taswira, mu ajiye, duk mai so ya zo ya gani.

Amma ga aikin da zan ba ki kafin ta iso. Ki samo siririn gilashin taga mai tsawon tafin hannu, ki gitta shi a kan tsagar bangon, ki liƙe bakinsa biyu da siminti. Mu “shaida” muke ce masa, don ba ya ƙarya kuma ba shi da dangi a garin. In bango yana motsi zai tsage. Ki riƙa duba shi, ki rubuta ranar da kika ga canji.

Jiya na sauka ɗakin ajiya na ciro tsohuwar taswirar yankinmu. Kin san ban taɓa kallon garinmu da idon aiki ba? Abin sha'awa! Tudun da ke saman gidanmu ya taɓa zaftarewa gaba ɗayansa kwanan nan, alamar tana nan a taswira ƙarara. Wuraren da suka motsa kwanan nan su muka fi sa wa ido, shi ya sa ba a yi jinkirin amsa wa Pandele ba. Wata rana zan nuna miki yadda ake karanta irin wannan.

Jibi zan tafi arewa aikin daji, wasiƙa ba ta isa can sosai. Ki kula da Inna.

Kawunki,
Horia

*

Corbanu, 29 ga Maris, 1997

Kawu Horia,

Ina gaisuwa, da fatan wannan ta same ka kafin ka yi nisa. Jikinmu lafiya, amma hankali ba a kwance yake ba.

Na karanta wa Kaka wasiƙarka da ƙarfi, kamar yadda nake yi kullum. Baba Gherasim da matarsa Goggo Tinca suna zaune suna shan shayi. Har dariya aka yi a wurin maganin azumi. Da na kai inda ka ce tudun ya zaftare gaba ɗayansa kwanan nan, sai Kaka ta tsayar da ni. Ta ce, “Maimaita.” Na maimaita.

Baba Gherasim ya ajiye kofi ya ce, “Kwanan nan yaushe? Shekarata saba'in da shida a garin nan, ban ga tudu ya zaftare ba.” Goggo Tinca ta ce, “Kai da kake barci har rana ta take, ko coci ce ta zaftare ai ba za ka sani ba.” Ya ce, “Rufe baki, mata. Na gane. Ta ƙarƙashi ya yi, gwamnatin da ta wuce ta sani ta ɓoye. Me suka taɓa gaya mana?”

Kafin yamma magana ta zagaye gari. Wasu sun ce shekarar babbar girgizar ƙasa ce, wasu sun ce lokacin ambaliya. Kowa ya tuna wani dare da ya taɓa jin ƙara. Abin da aka yarda a kai shi ne, tunda Horia ɗan Safta ya gani a taswirar gwamnati, to gaskiya ne, kuma abin da ya zaftare jiya zai zaftare gobe.

Washegari Kaka ta ce min, “Ɗana ba zai iya ce min in tashi ba, kunya yake ji. Shi ya sa ya ɓoye maganar a ƙarshen takarda.” Kawu, ta kwance Dumana da hannunta, ta ja ta zuwa gidan Goggo Tinca, ta ba ta ita sadaka don ran mahaifinka, aka kunna kyandir da komai kamar yadda al'ada take. Goggo Tinca ta karɓa tana kuka. Ka san sadakar mamaci ba a karɓar ta a mayar.

Na liƙa gilashin kamar yadda ka ce. Yana nan lafiya. Amma don Allah ka gaya min: kwanan nan ɗin yaushe ne? Wace shekara? Kuma nawa ya rage mana?

'Yarka,
Smaranda

*

Corbanu, 22 ga Afrilu, 1997

Kawu,

Ina gaisuwa. Ban sani ba ko ka samu wasiƙata ta baya ka rasa abin cewa ne, ko ba ta same ka ba. Na je gidan waya na buga cibiyarku, wata murya ta ce kana daji, ba su san ranar dawowarka ba. Kaka ta ce, “Shirun nan ma amsa ce.”

Gilashin ya tsage ranar tara ga wata, bayan ruwan sama na kwana biyu. Na rubuta ranar.

Malama Otilia ta zo da mutum biyu da injin haƙa a bayan mota. Sun huda ƙasa a wurare da dama, daga bayan coci har ƙasan lambunmu, sun zura bututu. Ta bi tudun da ƙafa har ƙoli. Da na nuna mata gilashin da ranar da na rubuta, ta daɗe tana kallo, ta ce, “Wa ya koya miki?” Na ce kai. Ta ce, “Hannunsa ne kam.” Iyakar abin da na samu daga bakinta ke nan.

Magajin gari Pandele ya ja ta gefe ya ce ta ɗan raɗa masa, ai shi ne hukuma. Ta ce, “Ranka ya daɗe, ranar da zan faɗa kujerar gaba taka ce.” Kaka ta gwada nata. Ta dafa mata miyar wake da tuwon masara, ta zauna ta zuba mata ido har ta cinye, sannan ta ce, “'Yata, kin ci abincina. Ni tsohuwa ce, ba zan gaya wa kowa ba. In haɗa kaya ko kada in haɗa?” Malama Otilia ta riƙe hannunta ta ce, “Inna, bututun nan sai sun sha ruwan sama sun zauna kafin su gaya min komai. In na faɗa miki yau, ƙarya zan yi miki.” Kaka ta ce, “To kawo kwanon.” Ta koma Bukarest, ta ce za ta dawo ta karanta awon a watan gobe.

Kaka ta haɗa kaya. Ta gaya wa Mama cewa da zarar an yi addu'ar shekara bakwai ta mahaifinka a ƙarshen Mayu, za ta bi ta hawa na takwas. Ta naɗe dardumar bango, ta sauke hotuna, ta rarraba kaji. Tuffa sun fara fure amma ta daina hawa lambu. Da yamma idan shanu suka dawo daga kiwo, Dumana takan tsaya a ƙofarmu tana kuka, Kaka sai ta shige ɗaki ta rufo. Ta rame, Kawu. Bikin Ista saura kwana kaɗan, ko ƙwan bikin ba ta ce a rina ba.

Ka yafe min abin da zan faɗa. Ka rubuto min cewa sanin ƙasa na mutanen da ke kanta ne. To ga mu a kanta. Kai ka san wani abu ka faɗi rabi ka tafi, ita ta san wani abu ta ƙi faɗa. Mene ne amfanin cibiyar da ta sani ta yi shiru, tsohuwa tana ƙarewa a zaune?

Smaranda

*

Bukarest, 5 ga Mayu, 1997

'Yata Smaranda,

Jiya na dawo, na tarar da wasiƙunki biyu a ƙarƙashin ƙofa. Lafiyata ƙalau, sai dai tun jiya ban iya cin abinci ba. Kafin ki karanta sauran, ki je wurin Inna, ki zaunar da ita, ki karanta mata wannan da ƙarfi:

Inna, kwanan nan ɗin da na faɗa, shekara dubu goma ne.

Ki sake karanta mata. Dubu goma, ko sama da haka kaɗan. Tun kafin a yi coci, tun kafin a yi gari, tun kafin wani ya san ana dasa tuffa. A lokacin ne ƙanƙarar da ta rufe ƙasa a zamanin da can ta narke, tudun ya jiƙe ya sauko, ya zauna. Shimfiɗaɗɗen wurin nan da coci da makaranta da gidanmu suke, gadon bayan wannan tsohuwar zaftarewa ne. Ba wata gwamnati da ta ɓoye, ki gaya wa Gherasim. Babu gwamnati a lokacin.

Laifina ne ɗungurungum. Duwatsun da nake aiki a kansu shekarunsu miliyan ɗari ne, wasu sun fi. A wurin aikinmu duk abin da ya faru bayan narkewar ƙanƙarar nan “kwanan nan” muke ce masa, haka yake a littattafanmu, haka muke faɗa a wurin shan shayi, har na manta cewa ba haka mutane suke magana ba. Na yi miki dogon wa'azi a kan kada baki ya riga awo, sannan na saki kalmar ofis a tsakar gidan uwata na hau jirgi na tafi. Da na nuna wa abokan aikina wasiƙarki, sun fara dariya, da suka kai wurin Dumana dariyar ta tsaya. Kowannensu ya san ya taɓa rubuta wannan kalma a rahoton da aka aika wa wani ƙauye.

Amma ki saurare ni da kyau, kada in gyara kuskure da wani kuskuren. Ban ce muku babu haɗari ba. Gilashinki ya tsage, wato wani abu yana motsi. Ko fata ce ko ƙashi, Otilia ce za ta faɗa. Ofishinta yana kallon nawa, na ga ta dawo da awon, ban tambaye ta ba, ita ma ba ta gaya min ba. Ran Lahadi mai zuwa za ta karanta muku a makaranta.

Kin tambaye ni amfanin cibiyar da take shiru. Tambaya ce mai kyau, ban ji haushinta ba. Ki ɗauka Otilia ta raɗa wa Inna cewa kada ta damu, don ta ci tuwonta. Gobe ta je wani ƙauye inda abin ya yi muni, ta ƙi raɗa wa kowa. Kin ga shirunta ya zama magana. Jibi kuma mai gona babba zai ji kafin maƙwabcinsa, ya san abin da zai yi da sanin. Daga nan ba wanda zai ƙara yarda da abin da muka karanta a fili, kowa zai nemi na bayan fage. Abin da muke da shi kaɗai shi ne, in mun ce ku zauna mutane su iya barci, in mun ce ku tashi su tashi ba gardama. Shirun Otilia wannan yake karewa. Amma kin yi gaskiya a abu ɗaya: rabin magana ya fi shiru cutarwa, kuma ni na yi ta.

Ba zan zo ran Lahadi ba, ko da yake raina yana can. In na zauna a ɗakin, rabin gari fuskata za su kalla maimakon su saurare ta. Inna kada ta kwance kaya don maganata, kada kuma ta ƙara ɗaure wasu. Amma ta ci abinci. Ki ce ɗanta ne ya roƙa.

Ki rubuto min da zarar an tashi daga taron.

Kawunki mai jin kunya,
Horia

*

Corbanu, 13 ga Mayu, 1997

Kawuna,

Gaisuwa mai tarin yawa. Lafiya lau muke, kuma wannan karon da gaske nake. Kaka ta ci kwano biyu jiya. Ba za mu tashi ba, Kawu! Na faɗa tun farko don kada ka sha wahalar da muka sha.

Da na karanta mata wasiƙarka, sai ta ce, “Dubu nawa?” Na ce goma. Ta ce, “Ni na haifi yaron nan kuwa?” Sai ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta suna rawa, ban san ko kuka take ko dariya ba. Ita ma ina jin ba ta sani ba. Amma ba ta taɓa kayan ba, ta ce a jira wadda ta ci mata tuwo.

Ran Lahadi bayan coci aji ya cika, har ta taga ana leƙe. Pandele ya samu kujerarsa ta gaba. Malama Otilia ta zana tudun a allo kamar burodin da aka yanka. Ta ce bututun da suka shiga zurfi ba su gusa ko kaɗan ba, babban tudun yana kwance. Abin da ke motsi fatar sama ce, zurfinta bai wuce tsayin mutum ba, daga itatuwanmu zuwa ɗakin Dumana. Akwai idon ruwa a saman lambu da tsohuwar magudanar duwatsu da ciyawa ta binne, ruwan ya rasa hanya ya shiga ƙarƙashin ƙasa. Kaka ta ce da ƙarfi, “Ta Sever ce! Duk lokacin kaka yakan share ta.” Mahaifinka take nufi; tun rasuwarsa ba wanda ya tuna da ita.

Ba duka ne daɗi ba. Dole a rushe ɗakin saniya a gina wani a gefen hanya, kuma itatuwa uku daga cikin na mahaifinka za su tafi don a buɗe wa ruwa hanya mai zurfi. Kaka ta haɗiye wannan da ƙyar. Amma tun jiya ta hau lambu da gwiwar nan tata, tana zaɓen rassan da za ta ɗaura a jikin wasu itatuwan in lokaci ya yi.

Pandele ya miƙe ya ce, “Wato dai a rubuta cewa garinmu lafiya har abada?” Ta ce, “A'a. A rubuta cewa bana ƙasa ba ta motsa ba. Bututun suna nan, duk bazara zan dawo in auna, in faɗa muku a ɗakin nan.” Abin mamaki, wannan ya fi kwantar min da hankali a kan da ta ce har abada. Ta kuma ɗaga gutsuren gilashina ta ce ranar da na rubuta ce ta nuna mata alaƙar abin da ruwan sama. Na rasa inda zan sa kaina.

Sai Baba Gherasim ya buga sanda ya ce, “To zaftarewar kwanan nan fa, da aka ɓoye mana?” Malama Otilia ta kalle ni. Na miƙe na karanta musu wasiƙarka. Kawu, ka yi haƙuri, an yi dariya har limamin coci sai da ya fita waje. Baba Gherasim ya ce, “Ni dama na faɗa, ban ga komai ba!” Goggo Tinca ta ce, “Kai ka ce ka ji ƙara da kunnenka.” Ya ce, “Minsharinki ne.” Yanzu duk wanda aka aika a garin nan ya ce zai je kwanan nan, sai an tambaye shi, “Namu ko na Horia?”

Saura Dumana. Kaka ba ta iya tambaya ba, sadaka ce, ta riga ta isa ga mai ita. Sai jiya da yamma Goggo Tinca ta shigo tana ɓata rai ta ce, “Safta, saniyar nan tawa ta dame ni. Ba ta cin ciyawar gidana, katangarki kawai take kallo.” Kaka ta ce, “Taki ce, ki yi haƙuri da ita.” Ta ce, “Na san tawa ce, ba sai kin gaya min ba. Idan kin gina sabon ɗaki zan kawo miki riƙonta, ki ciyar, ki tatsa, kada ki bari ta rame min.” Kaka ta ce, “Riƙo har yaushe?” Goggo Tinca ta gyara ɗankwali ta ce, “Zan zo in karɓi abata kwanan nan. Irin na Horia.”

Mun mayar da dardumar bango. Mama ta ɗan yi ƙunƙuni a waya, amma na ji muryarta ta saki. Na janye abin da na faɗa a kan cibiyarku, ko da yake ba duka ba. Kuma ina da tambaya: me ake karantawa kafin a zama irin Malama Otilia?

Kaka tana tsaye a kaina, ta ce in rubuta maka haka: addu'ar mahaifinka ranar Asabar ta ƙarshen wata ce, an fara tsince alkamar sadaka, kuma akwai ramin magudanar ruwa da za a haƙa, ka taho da tsofaffin kaya.

'Yarka,
Smaranda

*

Bukarest, 19 ga Mayu, 1997

'Yata Smaranda,

Na gode wa Allah. Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin ƙofa. Ki sumbaci hannun Inna a madadina, ki gaida Tinca, ki ce mata ta fi mu duka iya magana.

Abin da ba ki janye ba, kada ki janye. Na kai shi gaban shugabanmu, an yarda cewa daga yanzu duk rahoton da za a aika wa wani gari zai fara da shafi guda na maganar mutane, kuma sai wanda ba ɗan aikinmu ba ya karanta ya ce ya gane kafin a sa hannu. Otilia ta ce in tambaye ki ko za ki karanta mana na farko.

Amsar tambayarki tana da tsawo, kuma na fi so in ba ki ita a kan tudun, da taswira a hannu. Na ware miki littattafai uku da tsohuwar gudumata.

Ki gaya wa Inna zan taho da tsofaffin kaya. Zan iso a jirgin ƙasa na safe ranar Juma'a, talatin ga watan Mayu, shekarar da muke ciki.

Kawunki,
Horia